Kwamfutar da ta ce mini a'a

Shekarun baya can, ƙanena ya dawo daga karatu ya haɗa mini wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a gonar albasata ta Taloka. In ƙasa ta bushe ta kunna injin ban-ruwa, in ta jiƙa ta kashe. Ni ban yi boko ba. Na ga tana aiki, na bar ta.

Umarnin da take bi, shi ke rubuta shi a kwamfuta. Ya kuma shirya wani gwaji mai yin kansa: duk sadda ya taɓa rubutun, kwamfuta ta jarraba shi da ƙasar ƙarya, busassa da jiƙaƙƙa. In ta nuna kore, a ɗura wa na'ura sabon umarnin. In ta nuna ja, ba ta yarda a ɗura.

A gidanmu ƙane ba ya ce wa yaya a'a. Haka munka tashi.

Rannan na ga albasar abokina ta fi tawa ganye. Shi malala ruwa yake yi. Albasar nan kuwa ita ce cin gidana na shekara. Na ce wa ƙanena, ninka ruwan.

Ya ce, "To, Yaya." Ya rubuta. Ja.

"Mi ke nan?"

"Ta ƙi, Yaya. Wai saiwa za ta ruɓe."

"Ita ta taɓa noma? Sake."

Ya sake. Ja. Na duƙa na gaya wa kwamfutar nan cewa na yi noma cikin fari, na yi cikin ambaliya, tun ba a ƙera uwarta ba. Ko gezau. Na kaɗe rigata na tafi.

Da anka cire albasa, ta abokina ta fara wari tun kafin 'yan saye su zo. Tawa ta kai kasuwar Goronyo garau.

Sai daga baya na tambaye shi wa ya koya wa kwamfuta iyakar ruwa. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na rubuta gwajin, Yaya. Ni ba ni iya musa maka. Ita ba ta da yaya."

Har yau in na tuna ina dariya ni kaɗai: ƙato da furfura, ina zagin gilashi, mai laifin na tsaye bayana yana ba ni haƙuri. Kwanan baya na ce mishi ya isa aure, ya nemo mata. Ya ce, "To, Yaya," ya jawo jakar kwamfuta.

Na ce ajiye ta. Na ji, a'a ke nan.