Muryar da Ta Saura a Bakin Aku

A gidanmu na Dogon Dutsi, tun Nasara na mulki, da an ci tuwon magariba sai mu kewaye murhun Kaka. Mahaifiyar babanmu ce, 'yar guntuwar tsohuwa mai faɗan tsiya da saurin rankwashi. Sai ta tura itacen sabara cikin wuta, ta binne gyaɗa a toka don ta riƙe bakinmu, sannan ta kira tatsuniya mu amsa mata da ƙarfi. Yawanci na kura ne da wautarta, mu yi ta dariya, a ƙarshe ta ce ƙurunƙus, duk ƙarya ta shara mana.

Akwai guda ɗaya da ba ta yi sai an gama girbi, sanyi ya shigo. Ranar da za ta yi ta, babu gyaɗa a toka.

Ta ce an yi wani sarki baƙo, wanda ba ya jin maganar mutanensa sai da tafinta. Aka kawo masa aku biyu daga Kurmi, mace da namiji, masu launin toka da jar wutsiya. Ya ce a gina musu ɗaki a bayan gidansa, aka nemo wanda ya fi kowa iya rumbu a ƙasar. Tafinta ya gaya wa mutumin magana ɗaya: in tsuntsu guda ya ɓata, kai ne a madadinsa.

Magini bai taɓa ganin aku ba. Tantabara ya sani, da zabi, da tsiryar da ke ɓarnar gero. Sai ya zauna ya lissafa abokan gaban tsuntsu. Saboda gara da maciji ya ɗora ɗakin a kan duwatsu kamar rumbu. Saboda shaho ya yi jinka mai kauri. Saboda muzuru ya jera karan dawa a matse, ya ɗaure kowane da igiyar kaba ta hannunsa. Ya gitta sandar sauka, ya kafa kaskon ruwa, har laya ya rataya saboda iska. Yana aiki tsuntsayen na gefe cikin ɗan kejin ƙarfen da suka zo da shi, sun karkata kai suna saurare. Kullum da rana matarsa kan kawo masa ruwa da goyo a bayanta. Matarsa ta fari ce, ba ya kama sunanta, da garinsu yake kiranta.

A nan Kaka kan kumbura murya: "Ke Ta-Dumega, kawo ruwa, rana ta yi!"

Ɗaki ya yi kyau, har sarki ya gyaɗa kai. Sai dai duk tsaron da magini ya yi, na abin da zai zo daga waje ne. Ba wanda ya gaya masa bakin aku ya fi wuƙa, tafinta kuwa ya sani ya yi shiru. Kwana uku suka yi suna gaigayar igiyar, a na huɗu kara ya buɗe, macen ta fice ta yi kudu. Namijin ya sa kai ke nan aka cafke shi.

"Da igiyar da magini yat tufka da hannunai anka ɗaure shi," in ji Kaka, idonta a wuta. "Anka tahi da shi fasa dutsi wurin aikin hanya. Ko ruwan rannan bai sha ba."

Aka mai da namijin cikin kejin ƙarfe. Wata rana matar magini ta ɗauko itace ta bi ta bayan katangar sarki, sai ta ji mijinta yana kiranta, da muryarsa sak, har da ɗan tarin da yakan yi. Ta yar da itacen ta ce, "Ga ni tahe!" Aku ne. Daga ranar kullum sai ta nemi dalilin bin wannan hanya, ta tsaya a gindin katanga da ɗanta a baya har ya kira ta. Shi kuwa tsuntsun, tun da ya rasa matarsa ya daina ci, ya koma fizge gashin jikinsa iska na watsowa waje. Da damina ta faɗi, ta je ta tsaya har la'asar, ba ta ji komai ba.

Nan Kaka ke tsayawa. Ni da ba na iya riƙe baki sai in ce, "Kaka, maginin hwa? Ya dawo?"

"Ku tashi ku ba ni wuri."

"To ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Wagga ba a ruhe ta," in ji ta, ta hau tone wutar.

Haushi nake ji, don a ganina tatsuniyar da ba a rufe ba cuta ce. Sai na rama ta hanyata. Duk sanda na dawo daga rijiya ko wasa, in tsaya a tsakar gida in maƙale murya irin ta aku: "Ke Ta-Dumega, kawo ruwa, rana ta yi!" Ƙannena su fashe da dariya. Abin da ya ɗaure mini kai, tsohuwar da ke rankwashina a kan ƙwayar gero ba ta taɓa duka na a kan wannan ba. Tashi take yi, ta ɗebo ruwa a randa, ta miƙo mini da hannu biyu, ta tsaya har in shanye. Na ɗauka na gano lagonta, na yi ta yi.

Ina da 'ya'ya biyu ta rasu. Da muka buɗe ƙwaryar ajiyarta, a can ƙasa muka sami tsumma a ƙulle, cikinsa jan gashin tsuntsu guda ɗaya. Na kai wa Baba. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Ba sarki ba ne, kumandan ne, Nasaran da ke mulkin garin nan," ya ce. "Ni ne goyon. Ban san muryar ubana ba, ke ɗiyata, sai abin da tac ce aku ya faɗi."

Da, na ɗauka darasin shi ne mutum ya tambaya kafin ya gina abin da bai sani ba. Yanzu na san ko tambayar ba a ba shi dama ba. Abin da Kaka ke yi a bakin murhu, ajiye mijinta take a inda gardi, wato dogarin kumandan, ba zai ji ya kai rahoto ba, wato cikin kunnen yara. Ni ma ina yi wa jikokina ita in an gama girbi, ba na kuma rufewa. Amma wurin kiran nan ba na iya kumbura murya, a hankali nake faɗa. Kunya ke kama ni har yau in na tuna sau nawa na tsaya a tsakar gida na kira ta da bakin mamaci don a yi dariya, ita kuma ta tashi ta kawo ruwan.