Jirgin da Ba Ya Shiga Gida da Baya

Shekarun baya can, muna unguwar Jarwal a Makka, mahaifina ya ɗaure kayansa ya ce Kano zai koma. Mahaifiyata ta rasu, Makka ta yi masa faɗi. Ga tsufa, ga ciwon ƙafa. Na san in ya kama hanyar nan ba zai kai ba.

Da yake ya yi aikin layin dogo a Sudan kafin ya ƙetaro Makka, sai na sayo jirgin ƙasa na wasa mai aiki da batir a wajen wani alhaji, ko zai ɗauke masa hankali. Na shimfiɗa layin a ɗaki, bakin taga Kano, bakin ƙofa Makka. Jirgi ya iso Makka, na mayar da shi Kano da baya ina washe baki.

Baba ya yi tsaki. "Ya waladi, ɗana, wa ka taɓa gani ya shiga gida da baya?"

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na lanƙwasa layin a Makka ya zagayo ya haɗe da kansa, don jirgin ya juyo. Ina jona batir sai tartsatsi da ƙauri, waya ta ƙona mini yatsa. Ni da ko fitila ban iya gyarawa ba, wai ni ne injiniya.

Na kira abokina mai gyaran rediyo a unguwar Misfala. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ya shehu, ƙarfen dama ya zagayo ya zama na hagu, dole wuta ta yi karo!" Ya yanke layin a mashiga da mafitar zagayen, ya cusa kwali a tsagar, ya ba zagayen wayarsa daban, ya sa makunni mai juya wutar babban layi. Sai ya miƙa wa Baba makunnin. "Baba, in jirgi ya shiga zagaye kai za ka juya, in ba haka ba ya tsaya."

Baba ya juya makunnin. Jirgi ya fito da goshinsa, ya nufi Kano. Na ce a raina na ƙara masa kewa ke nan. Ya daɗe yana kallonsa a bakin taga.

Can ya ce wa abokina, "Tayyib, ya yi kyau. Yi wani zagayen a Kano. Nan Makka ma gida ne, ba a shigowa da baya."

A makon ya kwance kayansa. Kullum sai ya kai jirgin Kano, amma bai taɓa barinsa ya kwana can ba, har Allah ya karɓi abinsa a nan Makka.

Abokina ya ɗauka waya kawai ya gyara. Har yau ina sa shi a addu'a, don shekarun da na ƙara yi da mahaifina, bayan Allah, shi ya ba ni su.