Diza Mai Dakan Tsingaro

In ka taɓa shan ruwan randa mai sanyi a Malanville, da wuya in ba ginin Diza ba ne. Maginiyar tukwane ce a Garou, wani ƙauye kusa da Malanville, gajeruwa, mafaɗaciya, kuma ni ke sayar mata da kaya a kasuwa, don haka na san halinta ciki da bai. Gaisuwa ma a taƙaice take yi, amma in ta fara zancen yumɓu, nemi tabarma.

Bayan gonakin albasa akwai wani tudu, kufan mutanen dā, cike da tsingaro, wato gutsattsarin tsofaffin tukwane. Diza takan tsinto su, ta daka a turmi, ta kwaɓa garin da sabon yumɓu don kada randa ta tsage a wuta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta.

Ana nan sai ga masu binciken tarihi daga jami'a. Shugabarsu Mansura 'yar Malanville ce, ubanta shinkafa yake sayarwa kusa da rumfata. Suka kewaye tudun da igiya, suka ce kada a ƙara ɗaukar komai. Ranar da Mansura ta leƙa turmin Diza, hannu ta ɗora a ka.

"Inna, wanga abu ya girmi garin ga! Tarihi kike dakawa!"

"To ke mi za ki yi da shi?" in ji Diza.

"Mu kai shi Kwatano a aje."

"Ni randa nike maishe shi, jikokin masu shi su sha ruwa. Ke kuwa kulle shi za ki yi inda ba su ganinai."

Suka rabu baran-baran. Fasassun tukwanen yanzu ba sa isa, kowa ya koma roba. Diza ta gwada yashi, randunan suka tsattsage a wuta. Na same ta zaune a gaban ɓarnar, ko zagina ba ta yi ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Na tausaya mata ƙwarai, don in ba tsingaro, sana'ar gidansu a hannunta za ta mutu.

Amma Diza ba ta san zaman kuka ba. Ta ɗauki kujerarta ta dasa a bakin igiyar, kullum tana kallon aikinsu kamar mai tsaron shanya. Ta ga suna haƙo tsingaron suna wankewa, suna ɗaukar hoto, suna ware masu zane gefe guda. Sauran, tuli guda marasa ado, aka ce rami za a mayar da su in an gama dubawa.

"Ashe bisnewa za ku yi?" ta ce wa Mansura. "Kun hana ni, kun ba rame?"

Mansura ta fashe da dariya. Yarinyar tana da kunnen ji, wannan kam na shaide ta. Ita ta nemi mai gari ya tara jama'a a gindin mangwaro, aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita. Marasa zane, in an gama bincike, na magina ne. Masu zane ba za su bar yankin nan ba, ɗaki za a ba su a Malanville inda kowa zai gani. Ba kuma za a sake haƙa ko'ina ba sai an shawarci mutanen Garou. Diza ta yarda ba za ta ƙara tsinta da kanta ba, ko da yake sai da ta yi ƙunƙuni.

Randar farko da ta gina da wannan tsingaron ta hana ni sayarwa, ni da har na samo mai saye. Ranar buɗe ɗakin ta sa aka ɗora ta a kabu-kabu, tana bin mai tuƙin da faɗa tun daga Garou. Ta girke ta a bakin ƙofa, ta cika da ruwa. Mansura ta fito gumi sharkaf, Diza ta miƙa mata moɗa, ta tsaya har ta shanye.

"To, ɗiyata," ta ce, "ga tarihin naki nan. Da sanyi ko babu?"

Mansura ta miƙo moɗar a ƙara mata.