Jan Tabo a Rigar Baba Mai Turmi

Kafin mai gadi ya gama shan shayinsa, Baba Mai Turmi ya riga ya buɗe ɗakin gwaji na jami'a, ya sa farar rigar aiki, ya zauna gaban wani turmi da bai wuce kofi ba. Garin ƙarfe yake daka, baƙi wuluk. Ya auna, ya ɗura a bututun gilashi, ya toshe, ya sa a murhun lantarki. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma a wannan watan zai ajiye aiki.

Masu dogon karatu sun ce ƙarfen da ke cikin garin nan iri biyu ne, mai cajin lantarki biyu da mai uku. Da zafi a cakuɗe suke. In an sanyaya su ƙwarai sai su yi sahu, ɗan maganaɗisun kowanne ya fuskanci inda ya kamata. Amma da sharaɗi: kada iska ta shiga lokacin gashi. In ta shiga, baƙi ya fara komawa ja, lissafi ya rushe. Tsare wannan ƙofa shi ne aikin Baba.

Labarin da za a faɗa, mai sharar ɗakin gwajin ta ga yawancinsa da idonta, ita kuwa bakinta ba ya ajiya.

Akwai ɗaliba mai neman digirin dakta, ana ce mata 'Yar Tabarau. Ta auna garin da Baba ya gasa mata, sai ta ga sahun ya zo a wani sanyin da ba wanda ya taɓa gani. Farfesan da ke duba aikinta ya yi ta zagaye teburi yana cewa an gano sabon abu. Har hula ya saya.

A gida kuwa, matar Baba tana wanki ta ɗaga rigarsa.

"Malam, shekara talatin baƙi kake kawo mini. Wannan jan fa? Wata biyu ina dirza, ya ƙi fita. Ko janbakin wata ne?"

Bai yi dariya ba. Washegari ya duba littafinsa, ya ciro bututun da ya yi gashin wancan lokaci, ya ɗaga shi ga haske. Tsaga ce siririya kamar gashin kai. Ba wanda ya sani. A lokacin saura wata shida ya fita da takarda fes, ba kuskure ko ɗaya a kanta.

Ya tarar da Farfesa da ɗalibar, ya ajiye bututun a gabansu.

"Ranka ya daɗe, abin nan ba sabo ba ne. Iska ce ta shiga. Ni ban duba ba."

Farfesa ya ce, "Baba, ka san abin da kake faɗa? Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Wanda zai sake gwadawa a wata jami'a zai sani. Ranar kuma sunan yarinyar nan za a kira, ba nawa ba."

'Yar Tabarau ta fashe da kuka. Sati biyu ba ta gaishe shi ba. An rubuta masa takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya koma kan turminsa. Sau huɗu ya sake gasa mata, kowane bututu sai ya duba shi a gabanta. Abin da ya fito bai sa kowa sayen hula ba, amma gaskiya ne, kuma da shi ta zama dakta.

Kai ne, Baba, wanda ya shafa wa kansa tabo don kada ya taɓa 'yar wani. Kai ne mai dakan da ba a jin ƙararsa. Takardu nawa suka fita daga ɗakin nan, sunanka bai hau ko ɗaya ba. Mun gode. Allah ya ba da lafiya, ya sa hutun ya yi albarka. Masu aiki a bayan ƙofa, inda ba mai ganinku, ku dubi wannan bawan Allah.

Jiya Dakta 'Yar Tabarau ta je har gida ta roƙi rigar. Matar Baba ta ce, "'Yar nan, bari in ƙara gwada sabulu."

"A'a, Inna. Da tabon nake so."