Malam Lawal da Gurbin da Ke Tafasa

Da hantsi ƙanena ya kira ni daga Kusada ya ce Malam Lawal, malaminmu na kimiyya a sakandaren Kankia, ya rasu. Na yi salati, sai kuma na ji ƙirjina ya yi sanyi. Ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, mutumin da a da ko zama ba ya iya yi. Allah ya hutar da shi.

Innata mai tallar nono ce. A rafin da ke bayan rugarmu kusa da Yashe akwai wani gurbi da ba ya ƙafewa da rani, can take wanke ƙorenta. Wata shekara gurbin ya riƙa fitar da kumfa kamar tukunya a kan murhu. Aka ce mutanen ɓoye ne, aka ce Inna na hulɗa da su. Mata suka daina sayen nononta, ta dinga dawowa da ƙwarya cike tana juye wa maruƙa. A aji ma aka fara matsawa daga bencina.

Malam ya lura, ya tambaye ni, na faɗa masa ina kuka. Ranar Asabar sai ga shi a tsohon babur ɗinsa da kwalba da mazurari. Ya naɗe wando ya shiga ruwan, ya motsa taɓo da sanda, ya tara kumfar a kwalba. Ya bayyana wa jama'ar da ta taru kallo cewa ganye da kashin shanu ne ke ruɓewa a ƙasa, su haifar da iskar gas da ake kira mitan. Don ya tabbatar musu, ya ƙyasta ashana, wata 'yar wuta shuɗiya ta tashi. Kowa ya watse. Har Inna sai da ta bar takalminta ɗaya.

Da wani ne, da kunya ta hana shi dawowa. Malam kuwa ranar kasuwa ya ja mutane zuwa kududdufin bayan gari, inda kowa ke ɗibar ruwan gini, ya sake kunna wutar a nan. Ya ce to, in aljanu ne, da ruwansu aka kwaɓa ƙasar kowane ɗaki a garin. Dattawa suka yi dariya. Ya ce iskar nan tana barin kowane rafi: inda ruwa ke gudu a kan duwatsu tana fita a hankali ba mai gani, inda ya kwanta sai ta taru a taɓo ta fito da kumfa, musamman in shanu sun tattaka. Daga nan ya zauna gaban Inna ya ce ta dama masa fura, ya shanye a idon kowa.

"Inna, ruwa bai da laihi, ke ma ba ki da shi," in ji shi. Kafin la'asar ƙwaryarta ta ƙare.

Yakan ce mana, "Kafin ku ji tsoron abu, ku matsa ku duba shi." Yakan kuma ce ruwan da bai motsi shi ke tara iska a ciki, don haka in abu ya dame mu mu faɗa. Yana da saurin fushi a kan zuwa aji a makare, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Inna ta tsufa, amma ta ce sai an kai ta ta'aziyya. Ta ajiye ƙwaryar nono gaban matarsa, Hajiya Binta, ta ce, "Mijinki ya maido mani sunana. Ban taɓa hwaɗa mishi ba, nauyi nike ji." Hajiya ta riƙe hannunta ta ce ai ya sani, don tun daga ranar bai yarda a sayi nonon kowa a gidan ba sai nata. Inna ta sauke ajiyar zuciya.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya sa jinyarsa ta zama kaffara, ya ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙuri. Yadda ya wanke uwata a gaban mutane, Allah ya wanke shi ranar da babu mai tsaya wa wani. Amin.