Hutun da Na Ba Wayata

Tun da na sa fararen kayan makarantar koyon aikin jinya, mutanen ƙauyenmu can wajen Gwiwa suka naɗa ni likita. Ni da a lokacin a jikin lemo nake koyon allura. Goggo ta turo hoton ƙurjin ƙafarta, kawu ya turo saƙon murya, rabi gaisuwa rabi ciwon baya. In na yi jinkirin amsawa, a ce na fara hura hanci. Ba kuma zan ɗora musu laifin duka ba. In na sallame su, sai yatsana ya zarce kallon bidiyo, har a kira la'asar littafi yana nan a shafin da na buɗe.

Na faɗi jarrabawar ilimin sassan jiki. Aka ba ni dama ta ƙarshe, in na sake faɗuwa sai dai in tattara komatsaina.

Abokiyar ɗakina, wata Kirista haifaffiyar Kazaure, ta ce, "Kawo wayar nan." Ta kashe ta, ta kulle a akwatinta. Da farko hannuna sai laluben aljihu yake yi, kamar na tsohuwar da goro ya yanke wa. Daga baya karatu ya fara zama. Rabon da in ji kaina wasai haka har na manta.

Ana haka aka ce ina da baƙo a bakin ƙofa. Baba ne, ya baro noma tsakiyar damina, ya hawo acaɓa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya dai? Innarki ta kasa cin abinci. Mun yi ta kira, a kashe."

Na buɗe baki, gaskiya ta ƙi fitowa. Na ce, "Rashin wuta ne, Baba."

"Haka na ce musu." Ya zaro wani abu a leda, batirin cajin waya ne sabo fil, irin mai cika da hasken rana. "Mai shagon ya ce da wannan ba za ta ƙara mutuwa ba. Ki yi karatunki, mu dai mu riƙa jin ki."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Bai tafi ba sai da na karɓo wayar na kunna a gabansa. Nan take kira ya shigo.

Ya yi murmushi ya ce, "Amsa mana."

Na amsa. Jibi ne jarrabawar.