Sabon madigadin Baba

Ranar kasuwar Jega muka tsaya Gumbin Kure ɗaukar albasa, ba wanda ya fito. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Mutanen garin da lotsattsen madigadi suke gane tsohuwar jif ɗin Baba, shi kuwa ya sa sabo, har da fenti.

Can wani tsoho ya leƙo ta bayan rumbu.

"Alhaji, ashe kai na? Mun aza duba-gari na. Mata har sun zubar da ruwan randa."

Baba ya ɗauko guduma, ya ba sabon madigadin biyu masu kyau. Kasuwa ta gaba, buhuna na jere bakin hanya.

Yau na tsinci gudumar cikin kayansa, Allah ya jiƙansa. Ku wane gyara ya taɓa kore muku jama'a?